Hajar da Kawu Ya Ƙi Saki

Ban taɓa kallon ƙwallon Amurka daga farko har ƙarshe ba, kuma ko yau aka tsare ni da tambaya a kan dokokinta sai dai in yi shiru. Amma akwai shekarar da nake buɗe waya kowace Litinin da safe, tun kafin in karya, don in ga abin da waɗansu ƙarti suka yi a wata ƙasa lokacin muna barci.

Wani Basomale ne ya jawo mana. A Amurka ya tashi, daga baya ya zo Dubai yana aiki a ofishin kago, wato na jigilar kaya, da ke jikin namu a Al Khabaisi. Ya ce wasan waya ne, fantasi ake ce masa. Kowa zai tsinci 'yan wasa na gaske daga ƙungiyoyi daban-daban ya haɗa tasa ƙungiyar, duk abin da suka yi a fili shi ne makinka na makon. Kuma kana iya musayar ɗan wasa da abokinka idan kun daidaita. Da aka zo kan musaya sai kowa ya gyara zama, don nan ne kaɗai muka ji ana maganar abin da muka sani.

Ba mu sa kuɗi ba, kada abin ya zama caca. Sai wani ɗan Maraɗi mai harkar yadi a Bur Dubai ya ce to a sa wani abu da zai hana mutum sakaci: wanda ya zo na ƙarshe shi zai riƙa zuba shayi a zamanmu na Juma'a har wata ya ƙare. Aka yi dariya aka amince. Ana cikin dariyar Kawu ya miƙo wayarsa ya ce a sa shi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya kawo ni Dubai, a ofishinsa nake aiki, kuma a gidansa na Al Rigga ake wannan zaman bayan an sauko daga masallaci. Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya zuba wa wani ko ruwa ba. Ba girman kai ba ne, haka ya tashi ya tarar, haka mu ma muka tarar da shi. Shayi kuwa aikina ne, ni ne ƙarami a wurin.

Ranar zaɓen 'yan wasa ƙuri'a ta ba Kawu zaɓin farko. Bai tambayi wa ya fi iyawa ba, cewa ya yi, “Wanne ya fi tsada?” Basomalen ya nuna masa wani mai gudu da ƙwallo, irin wanda ake danƙa wa ita ya rungume ya kutsa cikin mutane. A bara, in ji shi, babu wanda ya tara maki kamarsa. Kawu ya dubi hoton, ya ga wuya ya ga kafaɗa, ya ce a ba shi.

To, mutumin nan sai ya ƙi tashi. Mako ya zo ya wuce, makinsa bai kai na waɗanda aka tsinta a ƙarshen layi ba. Basomalen yana da bayani kullum: masu tare masa hanya sun yi rauni, an sauya koci, gwiwa tana damunsa, shekaru kuma sun fara hawa. Mu dai abin da muke gani shi ne sunan Kawu yana gangarowa ƙasan tebur, nawa yana biye da shi a sama kaɗan.

Ɗan Maraɗin ne ya fara tsokana. In ya shigo sai ya ce wa Kawu da Faransancinsu, “Tonton, ça va? Yaya hajar?”

“Tana sito,” in ji Kawu. “Kaya mai kyau ba ya tsoron zama.”

Yana da hujja. Ya taɓa riƙe kwantenar shadda wata da watanni kowa na cewa ya rabu da ita, sai da Sallah ta matso ya fitar, kuma wannan labarin babu wanda bai ji shi ba a kasuwar Deira. Ni dai a raina na ce shadda ba ta da gwiwa.

Ana tsakiyar kaka Basomalen ya turo wa Kawu tayi a waya. Zai ba shi 'yan wasa biyu, ba fitattu ba, amma masu kawo maki kowane mako ba fashi, shi kuma ya karɓi tauraron. Ya ma yi masa gaskiya, abin da ya ba ni mamaki. Da Turancinsa da guntun Larabci ya ce, “Alhaji, sunansa ne kawai ya rage yana da daraja. Ni ina sama, zan iya jira in ga ko zai farfaɗo. Kai ba ka da wannan lokacin.”

Tayi ne mai kyau, kuma Kawu ya san haka, na ga yadda ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya danna wurin ƙi, ya ce, “Albarka.” Ya ajiye wayar ya ci gaba da aikinsa.

Na ce, “Kawu, ai da ka karɓa.”

“Zan karɓa mana. Amma wa ka taɓa gani ya sallama a tayin farko? Bari ya dawo ya ƙara ko ɗan ƙarami ne.”

Daga nan ya shiga jira irin na mai kaya. In sun haɗu a baranda sai ya gaishe shi sama-sama ya wuce, yana duban wani wuri. Ya hana ni ko tayar da zancen. Shi kuwa Basomalen, da ya tashi inda ake manna farashi a jikin kaya, ya ji an ce a'a ya ɗauka a'a ce. Ya kai 'yan wasansa biyu wurin ɗan Maraɗin, wanda ya san sarai abin da Kawu ke jira, ya yi gum, ya karɓa nan take. Bayan 'yan kwanaki wa'adin musaya ya cika, wayar ta rufe kasuwa.

Kawu ya tare Basomalen a bakin lif. “Habibi, ba ka dawo ba.”

“Ka ƙi, Alhaji. Khalas, magana ta ƙare.”

“Ƙi na farko ai buɗe magana ne.”

Mutumin ya tsaya yana kallonsa, da gaske bai gane ba. Kawu ya shiga lif ɗin.

Da aka zo makon ƙarshe, mu biyu ne a ƙasa, shi da ni. Sai na cire wanda ya fi kawo min maki na ajiye shi a benci, don in faɗo ƙasan Kawu. Na manta cewa kowa yana ganin jerin kowa. Kawu ya kira ni ofishinsa.

“Me ya sami wannan naka?”

“An ce ba shi da lafiya, Kawu.”

“Lafiyarsa ƙalau. Mayar da shi ina kallo.” Na mayar. Ya ce, “Na faɗi a kasuwa ba sau ɗaya ba, ba a taɓa yi mini karo-karo ba. Ba kai za ka fara ba.”

Litinin da safe na buɗe waya. Tauraron Kawu ya fita da ɗingishi tun wasa bai yi nisa ba. Sunan Kawu ne a ƙarshen tebur.

Juma'ar ta zo kamar kowace. Aka ci shinkafa, aka kawo filas ɗin shayin karak daga shagon Ba'indiyen da ke ƙasa. Jikina ya tashi da kansa, Kawu ya dube ni, na koma na zauna. Ya naɗe hannun jallabiyarsa ya ɗauki filas ɗin.

Ɗan Maraɗin ya miƙe. “Tonton, khalas, wallahi wasa ne. Laisse, bari, a ba yaro.”

“Zauna. An yi ciniki.”

Ya fara daga manya yana gangarowa. Babu wanda ya yi dariyar da aka yi ta tanadi. Basomalen kaɗai ya karɓa da hannu ɗaya ya ce na gode, ya ci gaba da duba wayarsa, sauran kowa idonsa a kan kafet. Ni ya zo wa a ƙarshe. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na sauko daga kujera na durƙusa, na riƙe kofin da hannu biyu. Kawu bai iya zuba shayi ba, bai san inda ake tsayawa ba. Ya cika kofin har ya tumbatsa, shayin ya gangaro a kan yatsuna da zafinsa, ni kuma ban janye hannu ba sai da ya ɗaga filas ɗin.