Ranar da Baba Filibus Ya Miƙa Shebur

Wata rana, ana tsakiyar damina, ƙungiyarmu ta mawaƙan coci ta je jana'izar wani bawan Allah mai suna Habila.

Mahaifinsa, Baba Filibus, dattijon ikkilisiyarmu ne. Idan ka makara zuwa sujada, kallo ɗaya zai yi maka ta saman tabarau, ka ji kamar ka koma gida. Duk muna tsoronsa, har da Fasto.

Habila a birni ya yi zamansa, ciwon koda ne ya ɗauke shi. Wanda ya kawo gawar wani mutum ne siriri, mai furfura kaɗan. A gaban jama'a ana ce masa "abokin Habila". A bayan fage kuwa, kowa ya san sun fi shekara goma a gida ɗaya, kuma shi ya yi jinyarsa har ƙarshe.

Ba wanda ya ba shi kujera. Can baya ya tsaya, gindin ɗorawa, ruwa na ɗiga masa.

Ku da kuka san al'adarmu, kun san yadda ake yi a bakin kabari. Bayan addu'a, matar mamaci ce ke fara zuba ƙasa. In babu mata, sai uba.

Fasto ya miƙa wa Baba Filibus shebur.

Baba ya karɓa, amma bai zuba ba. Ya juya ya ratsa taron da sandarsa, a hankali, har gindin ɗorawa. Ya kamo hannun mutumin nan ya kawo shi gaba.

Waƙar da muke yi ta mutu a bakinmu.

Fasto ya matso, ya rage murya.

"Baba, wannan wurin na iyali ne. Habila bai yi aure ba. Ka tuna kujerar da kake kai a coci."

"Fasto, ba ƙin aure ɗana ya yi ba, hana shi aka yi. Da an bari, da ni da kaina zan tsaya musu a ranar. Kujera kuwa, ku ɗauka."

Ya sa shebur a hannun mutumin. "Ɗana, fara. Naka ne."

Mutumin ya zuba ƙasar, sannan ya durƙushe yana kuka. Baba ya riƙe kafaɗarsa har ya tashi. Ni ma na yi kuka, ban kuma ji kunya ba.

Lahadin da ta biyo, an sauke Baba daga kujerar dattijo. Yanzu a bencin ƙarshe yake zama, kusa da ƙofa. Har gobe shi ne farkon zuwa, kuma masu makara sun fi shan wahala, don yanzu ta gabansa suke wucewa.

Ni Kirista ce, ina da miji da 'ya'ya, ban fasa zuwa coci ba. Ran aurena na yi alkawarin zama da mijina cikin lafiya da cikin ciwo, jama'a suka yi guɗa. Mutumin nan da ya yi jinyar Habila ya cika wannan alkawari ba tare da an bar shi ya furta shi ba. Don haka ina faɗa ba ɓoye-ɓoye: irin su ma a bar su su yi aure. Ba abin da zai rage wa nawa auren.

Na san wasu za su zage ni a ƙasa, wurin sharhi. Bismillah, wuri na nan.

Darasi: Wanda ya riƙe maka ɗanka lokacin da ciwo ya kayar da shi, iyalinka ne. Kada ka jira sai bakin kabari kafin ka kira shi gaba.

Idan ka san wani da ake barinsa tsaye a baya, tura wannan ga masu riƙe da shebur.