Dashen Kawu na Ƙarshe

Jiya na wuce wata gona a Bunkure ana dashen albasa, ƙamshin ɗanyen iri ya tuno mini da kawuna. Tsarinsa ɗaya ne: a jiƙa fangali, a datse kan ganye, sannan a dasa sama-sama.

Wani rani a shekarun tamanin, mun gama tuge iri ke nan aka rufe ruwan kanal. Na ce, "Kawu, mu bari sai gobe."

Ya ce, "Kai ka iya jira, ɗana, irin ba zai iya ba. Ɗauko bokiti."

Yana tari muka yi ta jido daga kududdufi har magariba. Albasa ta kama, shi kuwa ya kwanta. Ni kaɗai na haƙe ta.

Allah Ya jiƙansa, Ya hutar da shi, don a nan bai huta ba.