Wayfai a Zauren Alhaji Bukar

Har gobe ina jin ɗacin ranar da matar Alhaji Bukar ta kira ni tana kuka. Ku sabbin ma'aikata, ku saurara.

Bazarar bara waccan ce, ina mai haɗa wayfai a wani shago kusa da kasuwar Azare. Aikinmu shi ne mu kai rauta gidan mutum, wato 'yar na'urar da ake sa wa layi ta raba intanet, mu kafa, sannan mu zaga da waya ɗaki ɗaki mu ga inda sabis ya kai. Wannan zagayen shi ne aikin, sauran duk ado ne.

Alhaji Bukar, ɗan kasuwar hatsi, ya zo saya wa matarsa, Malama Falmata, rauta. Malamar firamare ce, za a yi mata intabiyu ta bidiyo don gurbin ƙaro karatu, kuma dama ɗaya ake bayarwa. Oga, mai shagonmu, ya miƙa masa mai araha, irin wadda katanga ɗaya ke galabaitar da ita. Na raɗa wa Oga cewa ba za ta yi ba. Ya ce, "Kai ka sayo kayan? Ɗauki ka tafi."

Da muka isa, Alhaji ya nuna min ƙusa a zaure, ya ce a nan zan rataya ta. Na ce, "Alhaji, a taimaka in shiga in gwada a ɗakin Malama." Ya ɓata rai. "Gidana ba a shiga. Ai kwalin ya ce tana cika gida." Na roƙa a miƙa mata wayata ta gwada, ya ce barci take. Katangu uku na jar ƙasa tsakaninta da na'urar, jama'a!

Ranar intabiyun sai ga kiranta. "Malam Sani, hoton ya daskare, suna ta kiran sunana ba sa ji na." Na ce ta fito zaure maza. Ta ce baƙin Alhaji daga Misau sun cika shi. Na ce a cire rautar a kai mata ciki. Ta aika, Alhaji ya ce a bari baƙi su tashi, suna kallon wa'azi da ita. Na hau acaɓa da rautar gidana, kafin in isa an rufe intabiyun. Wata aka ba gurbin.

Abin da ya fi ƙona min rai, bayan sati Alhaji ya shigo shago da abokansa biyu, yana ta yabon kayanmu, wai ko sau ɗaya ba ta yanke masa ba. Kowannensu ya sayi irinta. Oga ya dafa kafaɗata ya ce aikina yana kyau. Wallahi ji na yi kamar ya zage ni.

A sana'ar nan mai biya daban, mai amfani daban, kuma mai amfanin sau da yawa tana bayan katanga, ba wanda zai tambaye ta. Shi ya sa in ba a bari an gwada a ɗakinta ba, naɗe wayoyina nake in fito. Oga ya ce taurin kai ne, ya sallame ni kafin damina.