Kunnen Dama na Halliru Mai Inji

Duk wanda ya taɓa sayen ekuter, igiyar nan ta jin waƙa a kunne, na dala ɗari a kasuwar Malanville ya san halinsa. Sati biyu, ko uku in ya yi mutunci, yana zuba maka waƙa a kunnuwa biyu. Ranar da ba ka zata ba sai gefe guda ya yi gum. Ka murza igiyar, ka lanƙwasa ta, ka ɗaure wuyanta da zare, duk a banza. Yawancin mutane sai su ja tsaki su jefar. Mutum ɗaya ne a garin wannan takaici ya zame wa garaɓasa, shi ne Halliru mai injin casar shinkafa, don shi dama kunne guda gare shi.

Ba haka aka haife shi ba. Da kunnuwansa biyu garau ya baro ƙauyensu a yankin Dogon Dutsi, shekarar da aka karya darajar sefa, ya ƙetaro gada daga Gaya da niyyar cin rani na wata uku. Ya yi dakon albasa har wuyansa ya ƙi juyawa, sannan wani Alhaji mai inji a bayan kasuwa ya ɗauke shi aikin zuba shanshera, shinkafar da ba a casa ba. Wata uku ya zama shekara uku. Ya auri Karimatu, 'yar wata mai gumin shinkafa da ke kawo casa, suka haifi Salamatou, wadda yanzu take aure a Guéné. Da Alhaji ya tsufa, inji ya koma hannun Halliru, rumfar ma sunansa ta ɗauka.

Wanda ya kafa injin nan tun farko bai yi tunanin kunnen kowa ba. Mai zuba shinkafa a gaban bakin yake tsayawa, injin gazuwal, wato dizal, kuma yana ruri a hagunsa, taku biyu tsakani. Haka Halliru ya tsaya shekara goma sha biyar. Da ya sayi salularsa ta farko sai ya yi ta ƙorafi wai ba ta da murya, ya mayar aka canja masa har sau biyu. Halinsa ke nan, kuma halin masu aiki da ƙarfe da yawa: in abu ya ƙi, laifin ƙarfen ne. Karimatu ce wata rana ta gaji da "alo, alo", ta zare salular daga kunnensa na hagu ta manna masa ita a na dama, sai ga muryar ƙanensa tangaran.

A asibiti wata ma'aikaciya ta haska masa 'yar fitila, ta yi masa raɗa ta nan, ta yi ta can. Ta ce na hagu ya tafi, kuma ba ya dawowa. Na dama shi kaɗai ya rage masa. Duk lokacin da inji ke aiki ya toshe shi da auduga, in ba haka ba shi ma hanyar ɗan'uwansa zai bi. Halliru ya ce to, ya kuwa riƙe maganar damina guda cur. Amma wuni da auduga a kunne ba ya ƙarewa da wuri. Daga hantsi har la'asar sakaliya ba hira, ba rediyo, sai ƙurar ɓuntu da rurin da ke shiga ta ƙashi.

A lokacin ne salula masu ɗaukar kati suka cika gari. Akwai wani Audi mai tebur a bakin layin 'yan albasa, magidanci mai tumbi da dogon surutu, yana sayar da batir da ekuter, yana kuma zuba wa mutane waƙoƙi a kati. Halliru ya je a zuba masa kiɗan gurmi na gida, sai ya hangi kwali a ƙarƙashin tebur cike da igiyoyi sun harɗe kamar taliya. Audi ya ce ai waɗanda aka dawo masa da su ne, masu gefe guda.

"Kwashe duka, Malam Halliru, shara ta."

A hanyar komawa Halliru ya yi nazarinsa. Auduga toshewa take yi, wannan ma toshewa yake yi, ga shi kuma yana waƙa. Bai ga inda aka yi asara ba. Bai koma ya tambayi matar asibiti ba, tun da shi a ganinsa bai saɓa mata ba, gyara maganarta kawai ya yi.

Tun daga ranar ya tsara abinsa. Zai gwada kawunan biyu a kunnen dama, ya datse mataccen da almakashi, ya bi da igiyar ta cikin riga don kada robar inji ta fizge ta, salula na aljihun gaba. Kiɗa kuwa sai ya ƙure shi har ƙarshe, don in bai ƙure ba inji ne zai yi nasara. Labari ya bazu. 'Yan kabu-kabu, masu shagon ɗinki, har wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, duk wanda nasa ya mutu gefe guda sai ya biyo ta rumfa ya rataye a ƙusar bakin ƙofa. Shekara takwas Halliru bai sayi ekuter da kuɗinsa ba, bai kuma wuni ko sau ɗaya babu waƙa ba.

Ya zama gwani, ba a musu. Shi ya gano cewa masu 'yar roba mai laushi a baki sun fi masu faɗin kai, don suna shigewa ciki su danne rurin inji. Farare sun fi fito da muryar mawaƙi, baƙaƙe masu igiyar zare sun fi kawo ganga, kuma sun fi jure zufa. Masu ƙyalƙyali da rubutun zinariya a kwali kuwa, ya ce ado ne kawai, sati guda ba sa kaiwa. Audi kan tambaye shi kafin ya saro kaya, in mai saye ya tsaya taƙaddama sai ya ce ai Halliru mai inji ya gwada. Halliru ya taɓa sa wani na jikka biyar da ɗan Alhaji ya zo da shi daga Kwatano, ya saurara, ya miƙa masa abinsa. Ya yi daɗi, in ji shi, amma mai gurmin bai ƙara ko baiti ɗaya ba.

Katin nasa ba wani yawa ne da shi ba: gurmi, goge, 'yan waƙoƙin Dendi da Karimatu ta sa aka ƙara, da karatu na safiya. Wadda ya fi so wata tsohuwar waƙar noma ce da ya tashi yana ji a gayya, ya san ta tun daga kirari har rufewa. Abin haushi, wadda Audi ya samo guntuwa ce, takan yanke kafin baitin ƙarshe. Kullum aka zo wurin sai Halliru ya yi tsaki.

Wani zai ce, to yaya yake jin inji in ya samu matsala? Ai shi ya daɗe da daina jin inji da kunne. Tafin hannu yake ɗorawa a jikin ƙarfen, tafin ƙafa kuma na ƙasa. In tsakuwa ta shiga ko roba ta saki, kafin mai kunne biyu ya waiga shi ya riga ya kashe. Mata masu kawo casa sun saba, bakin rigarsa suke ja, su nuna yawan tiya da yatsu. A rumfar inji kowa ihu yake yi, a gida kuma Karimatu ta daɗe tana zama a damansa tana ɗaga murya. Saboda haka babu wanda ya lura da komai, shi ma bai lura ba.

Abin da ya lura da shi kawai, kaya sun lalace. Ya fara cewa ekuter na yanzu ba su da murya kamar na da. Tsirkiyar gurmi ba ta fita, kalmomin mawaƙi sun cakuɗe, ganga kaɗai ke isowa. Ya canja salula. Ya sa aka goge katin aka sake zubawa. Wata ranar kasuwa ya tsaya gaban teburin Audi, cikin mutane, ya ce masa ya ji tsoron Allah ya daina saro shara. Audi ya ji zafi, ya ce kayan nan dai su ne na bara, kwalin ma bai canja ba. Suka yi sati uku ba sa gaisawa. Da aka shirya, Audi ya aiko masa da leda guda ta masu gefe guda, goma sha biyu.

Ranar Juma'a ba a tada inji. Bayan an sauko daga masallaci Halliru ya shimfiɗa tabarma a inuwar dogon yaro, ya zazzage ledar, ya hau gwaji. Masu rai dama, matattu hagu. Matattun ma ba a zubar da su a gidan, don 'yar salular Karimatu ba ta kama rediyo sai an soka mata igiya a matsayin eriya, sai ta saki muryar a fili tana aikinta. A cikin sha biyun nan uku kacal suka tsira, su ma da ƙyar. Sauran tara wasu shiru, wasu ɗan zizar sauro. Ya tura mata su da bayan hannu, yana mita a kan Audi.

Karimatu ta ajiye faifan da take tsintar shinkafa, ta ɗauki guda ta soka. Sai ya ga ta tsaya. Ta kai kan abin kusa da kunnenta, ta saurara, ta zare. Ta ɗauki na biyu. Ta ɗauki na uku. Halliru ya bar mitar yana kallonta. Ba ta ɗago ido ba har ta gama da taran, ta jera su a gefen tabarma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai shanyar kuɓewa.

"Nawa ka magana ciki?" ya tambaye ta.

Ta matso damansa, inda ta saba zama.

"Duka, Baban Salamatou."

Ya karɓi na ƙarshen, wanda ke jikin salularta, ya cusa a kunne ya danna da yatsa. Can nesa wani abu na motsi, ba a ce magana ba, ba a ce kiɗa ba. Ya zare ya riƙe a hannu. Ta ce masa, a hankali, yana kallon bakinta, ko daga nan inda take tana jin mai rediyon yana gaida mutanen Toumboutou.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba lokacin na hagu, don a lokacin akwai saura. Bayan tsoron kunya ta biyo, da ya tuna abin da ya faɗa wa Audi a gaban jama'a. Ya tattara igiyoyin ya mayar cikin leda, ya ƙulle bakinta.

Wani ma'aikaci ya tarar a asibiti wannan karon, amma maganar ba ta canja ba: abin da ya tafi ya tafi, abin da ya rage a lallaɓa shi. In ma dole sai ya ji waƙa, to ba a gaban inji ba, kuma wani mai lafiyar kunne ya saita masa ƙarar. Daga nan ya wuce teburin Audi, ya ba shi hannu, ya riƙe ya daɗe bai saki ba. Sannan ya leƙa kwalin.

"Waɗanda sunka mutu duka nika so. Masu roba ga baki."

Audi ya buɗe baki zai yi ba'a, ya dubi fuskarsa, ya fasa. Ya duƙa da tumbinsa ya zaɓo masa guda huɗu.

Yanzu in ka bi ta bayan kasuwa za ka gan shi yadda aka saba ganinsa: ekuter a kunnen dama, igiya ta bi cikin riga. Sai dai aljihun ba salula, tana gida. Robar ta fi auduga toshewa, wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilin duka ba. Halliru ba ya son a ce masa kurma, ya fi so a ce yana jin kiɗa. Yana zuba shanshera yana gyaɗa kai, mata na jan bakin rigarsa. Masu kawo masa na gefe guda ba su daina ba, yakan yi godiya ya bar su a ƙusa.

Waƙa sau ɗaya yake ji a sati, ranar Juma'a a gindin dogon yaro. Karimatu ke saita ƙarar a kunnenta, sannan ta sa masa da hannunta. Kullum waƙar noman nan yake zaɓa. A Juma'ar da ta wuce, da aka ɗan jima, ta taɓa gwiwarsa.

"Kana ji?"

Ya ga bakinta, ya ce yana ji. Ba ƙarya ya yi niyya ba; waƙar tana tafiya daidai, kowace kalma a wurinta, shi kansa ba zai iya rantsewa ta kunne take shigowa ba. Ya lumshe ido, yatsansa na buga tabarma, leɓɓansa na bin mawaƙin. Karimatu ta leƙa fuskar salular, ta ga ta yanke a inda ta saba yankewa. Bai yi tsaki ba. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsinta, ta bar shi ya kai ƙarshen baitin.