Motar da Ta Fi Ƙarfin Zaurenmu

Shekara tara ke nan da rasuwar mijina, Malam Bukar, amma har watan jiya motarsa na nan a tsakar gidanmu na Fagge, a daidai inda ya kamata in riƙa shanya.

Tela ne shi, ba bakanike ba. Wata tsohuwar motar tsere mai ƙofa biyu ya gani an yasar a Sabon Gari, duk tsatsa, kaji na ƙwai a ciki. Ya saye ta, aka kwance ta gunduwa-gunduwa, aka riƙa shigo da ita ta zaure. Gangar jikin ma a karkace ƙarti suka ratso da ita. Shekara shida yana haɗa ta bayan la'asar, kayan gyara kuwa daga shagon amininsa Oga Emeka. Shi Emeka iyakarsa zaure, tunda baƙo namiji ba ya shiga cikin gida. Daga nan yake saurare, yana ɗaga murya: "Malam, rage mata mai kaɗan!"

Da kunne Malam yake saita inji. Sai ya ɗora tsinin sukundireba a kai, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, ya ce, "Hajara, a dakata da dakan nan." Na yi mita har na gaji. Amma so hana ganin laifi, ni ce dai mai tara masa tsumma. Yanzu da ake jona wa mota kwamfuta ta faɗi ciwonta, na san abin da zai ce: likitan da ba ya taɓa mara lafiya ke nan.

Ranar da ta tashi sumul na rangaɗa guɗa. Sai na ga ya juya ya kalli zaure. A haɗe ba ta fita! Zauren kuwa ginin mahaifinsa ne, ya kasa sa masa diga. Kullum sai ya ce bayan Salla, har Allah ya karɓi abinsa bai taɓa tuƙa ta ba.

Bana ɗanmu Nura zai yi aure, ana bukatar wurin a yi ɗaki. 'Yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, suka ce za su yanka ta da wuta su kwashe. Na ce ba dai ina raye ba. Abin da Malam ya kasa, ni na yi: na sa aka fasa zauren, ina kuka. Nura ya yi sati yana lallaɓa ta, yana kasa kunne kamar ubansa, har ta tashi. Ya tuƙa, muka bi ta mahaɗar Bata a hankali zuwa shagon Oga Emeka, ina gefe, mutane na nuna mu.

Oga Emeka ya tsufa, da sanda ya fito. Tun kafin mu tsaya ya gane ƙarar. Ya shafa bayanta, ya share hawaye, sannan ya ce, "Hajiya, shekara da shekaru ina jin muryarta. Ashe jan fenti ya yi mata."

A wurinsa na bar ta. Malam bai bar mana gidaje ba, ya dai bar aboki mai kuka dominsa bayan shekara tara, da ɗa mai haƙurin saurare. Allah ya jiƙanka, Malam. Ta fita, kuma da ƙafarta.