Turmin Bayan Rumbu

Ranar da ɗana na fari ya shigo gida da begila a hammata, ina tsakar gida ina tankaɗe. Wani ƙaho ne na jan ƙarfe irin wanda sojoji ke busawa, an ɗaura masa jar igiya mai tuntu. Kallo ɗaya na yi masa ta wutsiyar ido, na mayar da kaina kan rariya kamar garin nan ya fi komai muhimmanci a duniya. A raina kuwa murna ce fal.

Sai na yi bayani saboda matan yanzu, masu ɗaukar ɗan fari su yi ta cilla shi sama a gaban surukai. Mu gidanmu akwai jinin Fulani, ɗan fari abin kunya ne. Ba a faɗin sunansa, ba a kallonsa ido cikin ido, balle a yabe shi. Ana yaye shi uwar maigidana ta ɗauke shi zuwa ɗakinta. Ita yake ce wa Inna, ni kuwa Yaya, yadda ya ji ƙannen ubansa suna kirana. In zan ba shi tuwo sai in ajiye kwano in ce wa iska, "Mai jin yunwa ga abinci nan." Ban ga abin mamaki a ciki ba, don ni ma 'yar fari ce. Haka tawa uwar ta yi mini a Kurfi, har aka kawo ni Dutsin-Ma ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

Lokacin shekararsa goma sha huɗu, yana babbar firamare, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Makarantar ta sami kayan badujala, wato kiɗan maci irin na soja: babbar ganga ɗaya, ƙanana huɗu, sarewa, da begila biyu. Wani malaminsu da ya taɓa yin soja shi ke koya musu. An ce ya gwada yara rututu, kowa ya kumbura kumatu sai iska ta fita fus, nawa ne farkon wanda ƙahon ya amsa wa.

Ubansa ya ɓata rai. Ya ce, "Yo mu gidan maroƙa ne da za a kawo mana ƙaho?"

Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ka taɓa ganin maroƙi shina maci da gajeren wando? Ka ƙyale mini mijina shi yi busarshi." Haka take tsokanar jikan nata, mijinta. Wa ya isa ya ja da Inna?

Makonnin farko dai mun sha wuya. A bayan gida yake koyo da la'asar, yana busawa jakinmu na amsa masa, wani lokaci ma ba ka rarrabe wane ne wane. Kajina suka daina ƙwai a inda suka saba. Amma wata safiya ina shara sai iska ta kawo mini sautin daga filin makaranta, tas, a tsaye, ba gargada. Na tsaya da tsintsiya a hannu kamar an dasa ni. Tun daga ranar na san busarsa. Ɗayan yaron yakan yanke da wuri, nawa kuwa yakan ja ƙarshen ya yi ta ja har sai na ji numfashina ne zai ƙare.

Abin da zan iya yi masa a ɓoye, na yi. Ana son begila ta riƙa walƙiya, to sai in jiƙa tsamiya in haɗa da toka a kasko, in ajiye bakin zaure in ce, "Tsamiyar nan ta yi mini yawa, mai so ya ɗiba." In za su fita, sai in tsiri gugar rigar ubansa, sa'annan in ce gawayin dutsen guga bai mutu ba, kada ya tafi a banza. Da haka kakinsa ke shan sitaci da guga har karin wandon ya kusa yanka hannu.

Sai tafiye-tafiye suka fara. Sun je ƙauyen Dabawa a ƙasa suna kiɗa, inda wata tsohuwa ta tare su da ƙwaryar fura tana tambayar wane gari za a ci da yaƙi. Sun je Katsina cikin babbar mota, babbar gangar ta suɓuce a wani gangare ta kama hanyarta, yara goma da malaminsu suna binta da gudu. Duk waɗannan ba ni aka ba labari ba. In ya dawo, ƙofar ɗakin Inna yake zama ya zuba mata, ni kuwa a ranar ce nake ganin inuwar da ke kusa da ɗakinta ta fi daɗin daka. Sai in ja turmina can. In ya ɗaga murya in yi daka, in ya sassauta in tsaya gyaran zane.

Wata rana Inna ta ce, "Kai, ɗaga murya mana. Ba ka ji mai daka ta bar daka ba?"

Kamar in nutse. Na ɗauki taɓarya na yi ta zabga wa geron nan har ya wuce yadda ake so.

Shekara biyu ana haka. Ƙannensa sun gan shi yana busa a fili. Inna, da yake tsufa ya ba ta 'yancin fita, ta gani ta kuma. Har uban da ya ce mu ba maroƙa ba ne, an gan shi bakin fili ya harɗe hannu a baya, wai hanyar kasuwa ce ta biyo da shi. Ni kaɗai ce ke ji da kunne. Ga kulle, ga kunya, in na tsallake ɗaya ɗayar na jirana. Ba zan ɓoye ba, na yi ƙyashin kowa a gidan nan. An ce gani ya kori ji, ni kuwa ji ɗin ne ya kusa kore ni.

Ana nan sakamakon jarrabawa ya fito, ya sami kwaleji can nesa. Begila ta makaranta ce, zai mayar musu ya tafi. Fita ɗaya ta rage musu, wasannin makarantu da za a yi bayan kaka, kuma a Kurfi! Da na ji ya gaya wa Inna haka, taɓarya ta kusa faɗo mini a ƙafa. Gidanmu na Kurfi a bakin hanyar da ta taso daga tasha zuwa filin makaranta yake, dole su bi ta jikin katangarmu. In wannan ta wuce ni, shi ke nan, zan mutu ban taɓa ganin ɗana yana busa ba.

Na sami maigidan bayan ya ci abinci na ce, "Malam, na kwana biyu ban je ganin gida ba."

"Yaushe kike son tahiya?"

Na ce, "Ko cikin satin nan."

Ya dube ni, ya shafa gemu, ya ce, "Ikon Allah. Wata nawa ba ki tuna da su ba sai satin ga." Na ga yana danne dariya. Ya ce in gaishe su.

Na goge kakin nan sau biyu na rataye inda za a gani, na ƙulle daddawa da kuka na tsaraba, na shiga motar 'yan kasuwa ana gobe wasa. Dabarata mai sauƙi ce. Na san matan gidanmu, in abin kallo zai wuce sukan kifa turame a jikin katanga su hau. Zan saje a cikinsu in leƙa, wa zai kula?

Da hantsi sai ga 'yan mata sun shigo a guje suna "Sun iso! Sun iso!" Daga wajen tasha na ji babbar gangar, dim, dim, ƙananan suna yi mata rakiya. Gida ya ruɗe. Wannan ta zubar da surfe a faifai don ta sami turmi, waccan ta bar tukunya a wuta. Na ɗaure zanena tamau, na ɗaga ƙafa ke nan sai na ji muryar Gwaggo, yayar ubana, wadda ba a karya al'ada a gabanta.

"Ke, ina za ki? Ba ɗanki na cikinsu ba? Maza shige ɗaki, kar ki ba mu kunya gaban matan ƙannenki."

Mata suka kwashe da dariya. Sai a lokacin na gane wautata. A Dutsin-Ma suruka ɗaya gare ni, ita ma mai barkwanci. Nan kuwa kowace mace ta san ranar da na haife shi. Na yi gudun gara na faɗa gidan zago.

Na shiga ɗakin mahaifiyata na zauna bakin gado. Kiɗa na matsowa, hawaye na zubo mini, haushi kamar in fasa ihu. Ita tana zaune a ƙofar ɗakin da baƙin kallabinta tana kaɗi, ta juya mini baya kamar kullum, mazarinta na juyawa. Ba ta tashi kallon ba. Can sai ta yi magana, ba da kowa ba.

"Akuyar nan ta sake shiga bayan rumbu, za ta ƙare mini harawa. Ba mai tashi shi koro ta?"

Ba kowa a wurin sai ni. A raina na ce, yau ga tsohuwa da neman magana, ana wannan wa ke ta akuya? Amma uwa ta aika, ko da iska ta yi maganar. Na share fuska na zagaya bayan rumbun.

Wani lungu ne matsattse, daga tsakar gida ba a ganin wanda ke ciki. Ba akuya, ko kashinta babu. Sai wani tsohon turmi a kife a jikin katanga, daidai inda saman katangar ya ɗan zube ya yi giɓi. Ban tsaya tunani ba, na haye.

Wayyo, daɗi kashe ni! Ga tuta a gaba, ga malaminsu da sanda ya turo ƙirji kamar shi ya ci yaƙin duniya shi kaɗai. Ga yara cikin kaki da jajayen huluna, ƙafa na tashi tare tana sauka tare. Mai babbar gangar gajere ne, ƙafafunsa kawai ake gani, kai ka ce gangar ce ke tafiya da kanta. Masu tallan nono sun sauke ƙwarya, mahauta sun bar nama, gari duka ya biyo su.

Sai na gan shi a layi na biyu. Tun da aka yaye shi ban taɓa tsayar da ido a kansa ba sai ranar. Ashe ya yi tsawo haka? Ashe har gashin baki ya fara tsirowa? Goshin nan na mahaifina ne sak, shekara goma sha shida yana gidana ban sani ba. Ga karin wandon da na goge, a miƙe. Daidai katangarmu malamin ya ɗaga sanda, ya kai begilar baki, rana ta haska ta, ya busa. Ya ja ƙarshen nan da na sani, ya yi ta ja.

Ban san lokacin da na kama hancina ba. Guɗa na rangaɗa, doguwa, irin wadda ban taɓa yi ba ko a bikin ƙanwata.

Busar ta shaƙe. Ya juyo da ido, ya ga kallabina da rabin fuskata a giɓin katanga. Malamin ya daka tsawa, "Ido gaba!" Murmushi ya ɓata masa baki, sai da ya yi taku uku kafin ya iya haɗa leɓe. Da ya sake busawa kuwa, na rantse har ƙauyen Tamawa an ji.

Daga tsakar gida na ji Gwaggo tana cewa, "Wace ce wagga mai guɗa bayan rumbu?"

Mahaifiyata ta ce, "Akuya ce." Ba ta ko tsayar da mazari ba.

Da zan sauko na lura da turmin. Bakinsa ya nutse cikin ƙasa, gara ta ci gefensa, samansa ya yi sumul saboda taku. Ba yau aka kifa shi ba, ba bara ba. Murna ba ta bar ni na tsaya kan wannan ba.

Da la'asar ya shigo gaida kakanninsa. Ya durƙusa nesa da ni ya ce, "Yaya, ina wuni." Na ce wa ƙasa, "Lafiya lau." Da zai tashi sai ya ajiye begilar a gefen tabarmata, ya ce wa iska, "A duba mini wannan in yi alwala." Na ja ta ƙarƙashin mayafi na riƙe. Tana da ɗumi, tana ƙamshin tsamiyata.

Washegari na yi haramar komawa. Mahaifiyata ba ta taɓa raka ni ko zaure ba, ranar ma haka. Ta ce wa mazarinta, "A gaida mutanen gida." Duk zuwan da na yi tun aurena, wannan sallamar takan tsaya mini a rai har in kai Dutsin-Ma, ina cewa ko ƙofa ba za ta leƙo ba.

Na ɗauki kayana na kama hanyar tasha. Na kusa tsamiyar da mota ke tsayawa sai turmin nan ya faɗo mini a rai, da yadda jiya na hango har tsamiyar daga kansa. Na waiwaya.

A giɓin katangar akwai baƙin kallabi, da yatsu huɗu sun dafa bakinsa.

Na yi maza na juyar da kaina don kada in ba ta kunya. Sa'annan na rage tafiya. Na tsaya tsakiyar hanya na gyara kayan da ba su karkace ba, na sake ɗaurin zane, na cire takalmi na kakkaɓe tsakuwar da babu ita. Direba ya yi ta danna hon, na ƙyale shi.