Yatsan da Gwamnati Ta Sani

Ko zan manta da komai na aikin nan, ba zan manta da ranar da muka fara rajista da na'urar ɗaukar zanen yatsa ba, da abin da ya biyo bayanta. Ku da kuka kama aiki kwanan nan kun tarar da ita a kan tebur kamar tare aka gina ta da asibitin. Ni a gabana aka sauke ta daga mota, kuma har yau in na kalle ta sai na ji zuciyata tana tafasa.

Lokacin ina jami'in lafiya mai matakin albashi na takwas, ni ke kula da wani ƙaramin asibiti a ƙauyukan arewacin Bici. Ga wanda bai san tsarin ba, irin asibitinmu ba shi da likita. Mu muke duba zazzaɓi, mu yi rigakafi, mu wanke ciwo, abin da ya fi ƙarfinmu mu tura babban asibiti. Mutanen gari dai Likita suke ce min, na yi gyaran har na gaji na bar su. Bayan cire tallafin mai ne, kun san yadda aka ji a jiki. Maganin da a da ake sayar da kaza a saya, ya koma sai an kai akuya kasuwa.

Ana cikin haka aka fito da shirin kula da lafiyar masu nakasa. Duk mai nakasa za a yi masa rajista a ba shi kati, ya riƙa ganin likita da karɓar magani kyauta, har tiyata. Wallahi na yi murna. Da ƙafata na bi masallatai da wuraren suna ina shela. Ƙa'idar ita ce a ɗauki hoton mutum da sunansa da zanen babban yatsansa, a aika Kano, can za a buga katin. Daga nan duk ranar da ya je asibiti sai ya dangwala yatsan a na'ura, ta tabbatar shi ne, don kada wani ya ci da katin wani.

Cikin waɗanda suka fara zuwa akwai Baba Haladu. Dattijo ne da ya yi kuturta tun yana saurayi, ya sha magani ya warke, amma ta tafi masa da yatsun hannu duka, sai dungulmi. Bai taɓa zama bakin hanya ya miƙa hannu ba. Matarsa Inna Tabawa ce take ɗaure masa fartanya a hannu da tsumma kowace safiya, ya shiga 'yar gonarsa da ke manne da ta maƙwabta ta kowane gefe, ya noma geronsa da gyaɗarsa. Ga shi da barkwanci, in ya zauna a bencin asibiti ba mai iya shiru. Damuwarsa ɗaya, wani gyambo a tafin ƙafarsa ta hagu. Ƙafar waɗanda suka yi kuturta ba ta jin zafi, sai ƙaya ta shige mutum bai sani ba. Na daɗe ina wanke masa, amma na ga ciwon yana ci ta ciki, yana bukatar likita ya kankare shi, a kuma ɗora shi kan magani mai ƙarfi. Na faɗa masa gaskiya, in ba a yi haka ba ƙafar tana cikin haɗari.

Wata Talata ce, da rani. Layi ya kai har gindin darbejiya, makafi da guragu da kurame, wasu a amalanke aka kawo su. Da aka zo kansa na ɗauki hoto, na rubuta suna, sai kwamfuta ta ce a sa yatsa. Na dubi hannunsa, shi ma ya dubi hannunsa.

Ya ce, "To Likita, wanne kake so a ciki? Zaɓi."

Aka yi dariya. Na danna dungulmin a kan gilashin na'urar, ta kawo ja. Na shafa masa ruwa na sake, ja. Na duba ko akwai wurin da za a ce wannan ba shi da yatsu, a wuce gaba. Babu. Shirin da aka yi don nakasassu, wanda ya tsara shi bai taɓa tunanin za a samu mutumin da ba shi da yatsa ba.

Na fita inda ake samun sabis na kira jami'in da ke kula da shirin a shiyyarmu, mutum mai mataki na goma sha huɗu, wanda mu ƙanana ba ma yi wa musu. Na ce, "Yallaɓai, ina da majinyaci, tsohon mai kuturta, ba shi da yatsa ko ɗaya. Yaya zan yi?"

Ya ce, "Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe."

"Na ƙafa fa?"

Na zaci wasa yake. Ya ce, "Malam Lawan, na'ura ba ta san hannu ba, ba ta san ƙafa ba, zane kawai take nema. Ka ɗauki na ƙafa ka shigar a gurbin na hannun dama. Kada ka tsayar min da aiki."

Ƙafar Baba Haladu ta dama ita ma ba ta da yatsu. A duk jikinsa babban yatsa ɗaya ya rage lafiyayye, na ƙafar hagu, mai gyambon. Na kwance bandeji, na wanke yatsan na goge. Wayar na'urar gajeriya ce, ba ta kaiwa ƙasa, sai da mutum biyu suka riƙe shi ya ɗaga ƙafa ya ɗora a kan tebur, a gaban mata da surukai da kowa. Dattijo mai furfura. Na'ura ta kawo kore.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Tabawa, ki shaida, yau ƙafata ta shiga gwamnati kafin ni."

Shi ya yi dariya, ni kuwa kunya ce ta rufe ni. Amma na ce a raina ba komai, tunda dai za a yi masa aiki.

Sai jiran kati. Aka ce mako mai zuwa, aka ce bayan Salla, aka ce injin buga katin ne ya lalace, aka ce ɗan kwangila ne ba a sallama ba. Na rubuta masa takardar turawa babban asibiti, na haɗa da shaidar rajista. Suka ce ba su san wannan ba, kati suka sani. Na kira Yallaɓai har ya daina ɗaukar wayata. Na hau babur na same shi a ofis, ya ce, "Kai kaɗai ne mai majinyaci a jihar nan?"

Damina ta sauka. Na ce wa Baba Haladu kada ya kuskura ya shiga gona da ƙafar nan. Ya ce, "Likita, in ban shiga ba wa zai shiga? Kati zai yi min noman fari?" Ya ɗaura leda a ƙafar ya shiga taɓo. Ni kuma gishiri da ruwan ɗumi kaɗai suka rage min, ko auduga ta ƙare a asibitin. Kafin gero ya fitar da kai ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, wari ya hana kowa zama kusa da shi. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi har ya daina gane mutane, 'yan uwa suka jinginar da gonar, aka kwashe shi zuwa Kano. Likitoci suka ce an makara, ko ƙafa ko rai. Aka yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Ana kakar gyaɗa katunan suka iso, a cikin kwali mai kyau. Na ga nasa, da hotonsa yana murmushi. Na so in jefa shi a masai don baƙin ciki, amma na danne zuciyata, domin har lokacin yana bukatar kulawa. Wurin yankan bai warke ba, ga magani, ga sandar dogarawa. Na ce ko ba komai katin ya yi wannan amfanin. Na ɗauki hayar a-daidaita-sahu, ni da shi da Inna Tabawa muka tafi babban asibiti.

A tagar masu kati wata ma'aikaciya ce, mai ladabi, ba ni da abin da zan ce a kanta. Ta karɓi katin ta sa a kwamfuta, ta turo na'ura ta ƙarƙashin taga.

Ta ce, "Sannu Baba. Dangwala min babban yatsanka na dama."

Ya ɗaga mata hannayensa biyu. Ta duba kwamfuta, ta dube shi, ta ce, "Amma Baba, a nan an nuna kana da yatsa. Da shi aka yi maka rajista."

Ya ce, "Ƙwarai kuwa, 'yata, ina da shi. Shi gwamnati ta sani. Yana maƙabartar garinmu, gabas da tsamiya. Ƙanena ne ya naɗe ƙafar a farin ƙyalle ya binne. In za ki ba mu aron na'urar sai mu je mu tono."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Inna Tabawa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ma'aikaciyar ta yi ta ba shi haƙuri, idonta ya ciko, ta ce in na'ura ba ta kawo kore ba kwamfutar ba za ta buɗe mata komai ba, ko ƙwaya ɗaya ba ta da ikon bayarwa.

Na bar su a benci na wuce ofishin shiyya, ban ko yi sallama ba. Na gaya wa Yallaɓai komai. Ya jingina da kujera ya ce sai dai a soke rajistar a sake sabuwa. Na ce da wane yatsan? Sai ya ce, "Tukuna ma, wa ya ba ka izinin ɗaukar ƙafa? Ka san wannan saɓa ƙa'ida ne?"

Ban san lokacin da na buga tebur ba. Na ce, "Kai ka ce, Yallaɓai, da bakinka! Mutumin nan da ƙafarsa ya zo wurinmu. Mu muka ce ya jira, ya jira har ta ruɓe. Yanzu kuma mu ce ba mu san shi ba don ba ya tare da ita? Ka ji tsoron Allah!" Ya ce in fita. Sati bai zagayo ba aka ba ni takardar tuhuma kan rashin ɗa'a, kuma ita ta zo a kan lokaci, ba injin da ya lalace.

Baba Haladu yana nan da ransa. Liman ne ya sa aka yi karo-karo a masallaci aka sayi magani, wani kafinta ya sassaƙa masa sanda mai maɗauri a hannu. Gonar ba ta dawo ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana noma da dungulmi don kada ya roƙi kowa, yanzu ranar kasuwa ana ajiye shi a bakin rumfar masu hatsi. Ba ya roƙo da baki, amma kowa ya san me ya kawo shi. Ni ta bayan kasuwa nake zagayawa, ba na iya haɗa ido da shi.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake so ku riƙe. Masu tsara mana aiki sun fi tsoron a cuci shirinsu a kan majinyaci ya rasa ƙafa, kuma yawancinsu ba su taɓa gaisawa da mutanen da suke tsara wa ba. Ku ne za ku gaisa da su. Za a kira ku bita a otal, a ba ku shayi da jaka, a nuna muku sabuwar na'ura, a ce akwai mai tambaya, kowa ya yi shiru don yana jiran a tashi. Kada ku yi shiru. Ku tuna da layin da ke jiranku a ƙauye, ku ɗaga hannu ku ce: wanda ba shi da yatsa fa? Wanda ba ya gani fa? Wanda ba zai iya jira ba fa? Kuma in sun ba ku amsa, ku ce su rubuta su sa hannu, tunda su suna da yatsun yi.